Wankan Jegon Motar Alhaji Ba-Ribas

Labari ya zaga Batsari, ya tsallaka Darini, ya riga mai motar kansa isa Safana, cewa motar Alhaji Tayyib ta haihu. Wai babur aka samu. Maƙwabta sun ce da idonsu suka ga an ɗora ruwan wanka a rabin duro, an karyo ganyen bedi, wato darbejiya, mai jego tana kwance cikin lulluɓi a tsakar gida, jaririn yana jingine a gefenta har ya fara tari. Wata tsohuwa a Tsaskiya, wadda ba ta taɓa ganin Alhajin ba balle motar, ta rantse dama tun bara ta lura bayan motar ya yi nauyi.

To, jama'a a kwantar da hankali, motar ba ta haihu ba. Ruwan zafi gaskiya ne, ganyen bedi gaskiya ne, lulluɓi ma haka, ƙin fita kuwa babu mai musawa. Haihuwar ce kawai aka ƙara, ita ma ba don mugunta ba, don dai miya ta ji gishiri. Baburin da aka gani na Kamilu ne, taubashin Alhaji, kuma ya girmi motar nesa ba kusa ba. Tarin ma tsohon ciwonsa ne.

Wanda bai san Alhaji Tayyib ba bai san hatsi ba. Gero, dawa, gyaɗa, duk buhun da ya fita daga ƙasar nan sai ya gaishe shi tukuna. Mutum ne cikakke ta kowace kusurwa, musamman ta gaba, inda tumbinsa ke isa majalisa ya zauna ya huta kafin shi ya ƙaraso. Turarensa kuwa idan ya bi ta layi da safe, mai kitso tana iya shafa iskar a kan amarya da la'asar. Ba ya magana sai jawabi. Ko ruwa zai nema sai ya fara da godiya ga mahalarta.

Shekaru masu yawa Alhaji yana hawan babur kamar kowane ɗan Adam, buhu a baya, buhu a gaba, shi a tsakiya kamar nama cikin gurasa. Amma ranar da ya shigo gari da farar motarsa daga Katsina, ya tsaya a bakin majalisa, ya ɗora hannu bisa bonet, ya yanke wa babur hukunci.

"Jama'a ku shaida," in ji shi. "Kowane zamani da abin hawansa. An yi na jaki, an yi na keke, an yi na babur, duk mun gode musu. Daga yau wanda ya gan ni bisa babur, ya tabbata gawata ce aka ɗauko, ya yi mini addu'a."

Aka shaida. Mutanen Batsari kuwa ba su iya mantuwa ba, sai dai in su ake bi.

Motar ya sa mata suna Farar Aniya. Shi kuma gari ya sa masa Alhaji Ba-Ribas, kuma ga dalili. A makon farko ya gwada komawa da baya, ya kwashe darnin maƙwabcinsa, ya wuce da turken awaki, ya tsaya a cikin madafin mutane ana tsakar tuƙa tuwo. Wani da sai ya ce bai iya ba, ya je ya koya. Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne. Washegari ya bayyana wa majalisa cewa ya yi nazari mai zurfi, ya gano ribas ba ɗabi'ar manya ba ce. Rana ba ta ribas, kogi ba ya ribas, shekaru ba sa ribas, to don me Alhaji Tayyib zai yi? Ya kira magina suka fasa masa ƙofa ta biyu a katanga, Farar Aniya ta shiga ta gabas ta fita ta yamma, daidai da ranar da ya ambata. Idan ya zarce ƙofar masallaci da ɗan taku, sai ya zagaya gari kaf ya dawo, ya tarar an sallame, ya ce dama nafila ya yi niyya.

Sai kuma wanka. Tun da aka kafa Batsari ba a yi wata halitta da ta sha ruwa kamar motar nan ba. 'Yan garuwa kan sa Alhaji a addu'a kafin iyayensu. Kullum da safe zai naɗe hannun riga, don bai yarda wani hannu ya taɓa ta ba, ya wanke, ya ɗauraye, ya goge da wani farin tawul da ko fuskarsa bai taɓa samun alfarmarsa ba. An hana kaji ratsa tsakar gida. Wanda za a rage wa hanya sai ya cire takalmi ya riƙe a hannu, a kuma duba tafin ƙafarsa. Matarsa Hajiya Ramlat ta taɓa cewa da ita ake lallashi haka da tuni ta koma yarinya. Duk da wannan wanka motar ba ta taɓa yin gardama ba, domin da ya gama yake tada ta ya fita, iska da zafin tafiya su busar da abin da tawul bai kai ba. Alhaji bai san haka ba. Shi a ganinsa biyayya ce.

Ana nan sai auren Shafi'u ya taso. Shafi'u ɗan ƙanen Alhaji ne da ya rasu, yaro mai hankali, ya samu Mahfuza a Safana, suna son juna, iyaye sun amince, aka sa rana wata Asabar cikin damina. Kowa ya san wanda zai karɓa masa aure: Mani, babban wan Alhaji, manomi a Darini, wanda ya riƙe Shafi'u tun yana rarrafe. Wannan ba abin shawara ba ne, kamar a ce wa zai yi limanci ga liman a zaune.

Amma Alhaji ya kwanta ya yi lissafin abin da zai faru a ƙofar masallacin Safana. Ga manyan gari a kan tabarmi, ga 'yan kasuwa abokan hamayyarsa, ga sanƙira yana ɗaga murya yana kiran sunan wakilin ango har tsuntsaye su tashi daga kan itace. Sunan nan kuma a ce Mani? Barci ya ƙi zuwa. Da gari ya waye ya tada Farar Aniya ya nufi Darini, cikin taɓon da ko jaki sai ya yi istihara kafin ya shiga.

Ya tarar da Mani ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Bayan gaisuwar da ta tambayi gida, gona, shanu, ruwa da gajiya, Alhaji ya gyara murya.

"Yaya, girma naka ne, ba mai ƙwace shi. Amma zamani ya zo da tsari. Mutanen Safana da ido suke auna dangi. Idan wakilin ango ya sauko daga babur, wando duk taɓo, ka ga an rage wa yaron nan daraja tun kafin a shafa fatiha. Ni ba don kaina nake yi ba, Allah ya sani. Sadaukarwa ce. Zan ɗauki wannan nauyi, in ɗauki goron ma, kai ka huta."

Mani ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafa ɗaya. Mutum ne mai kawaici, irin waɗanda in an taka su sai su ba takalmin haƙuri. Ya ce in dai auren yaron zai ɗauru lafiya, shi ko a bayan sahu aka ajiye shi ya gode. Allah ya kai mu.

Alhaji ya dawo da wakilci a aljihu, amma hanyar Darini ta karɓi ladanta. Farar Aniya ta shigo gida ja wur kamar an tsoma ta a manja. Jan taɓo ya cika ƙarƙashinta, ya shige cikin tayoyi, ya bushe ya zama kamar gini. Ruwan sanyi ya yi iya yinsa ya sallama. Nan Alhaji ya yi irin tunanin da ba ya zuwa wa ƙananan mutane: abin da ya gagari sanyi, zafi ne maganinsa. Ya sa aka fito da rabin duron da Hajiya Ramlat ke wankan jego da shi, aka kafa murhu a tsakar gida, aka hura itace, ruwa ya tafasa har yana tsalle. Da ya ga tsumma zai ƙona masa hannu, ya aika aka karyo ganyen bedi, ya riƙa tsomawa yana fyaɗa mata, daidai yadda ungozoma ke yi. Ya durƙusa, abin da bai yi wa surukansa ba, ya leƙa bayan tayoyin baya, ya riƙa kwarara musu ruwan zafi da garin sabulu ta kowace kafa, yana cewa tsafta daga ƙafa take farawa.

Matan unguwa suka hango hayaƙi, suka ga an shiga da ganyen bedi, suka ga babu rabin duro a inda ake kife shi. Me ya rage? Suka yafa mayafi suka shigo barka, suna mamakin yadda Hajiya Ramlat ta iya ɓoye ciki haka. Suka tarar da ita garau tana tankaɗe, maigida kuma tsirara daga ƙugu zuwa sama, yana gasa wa mota baya. Daga nan labarin haihuwa ya samo tsatso.

Da aka gama, Farar Aniya ta yi fari har tana kashe ido. Alhaji ya yanke shawara ba za ta sake taka ƙasa ba sai ranar ɗaurin aure. Ya ja birkin hannu har ya ƙure haƙoransa, ya ƙara da hannu biyu, wai kada ta motsa cikin dare ta taka datti. Ya lulluɓe ta da tamfol tana ɗigar ruwa, ya ɗaure ta ko'ina. Shi ma ya daina fita, don ƙafa ba abin hawan manya ba ce. Ya zauna a gida yana bitar kalmomin karɓar aure, yana gwada murya ta ƙasa da ta sama, yana tambayar Hajiya wadda ta fi kwarjini. Sama kuma ta yi ta zuba ruwa bisa tamfol, ƙasa tana mayar da raɓa, motar tana ciki tana jiƙa kamar gero a ƙwarya.

Ranar Asabar da sassafe Mani ya biyo a kan baburinsa, ya ce ko a ba shi huhun goron ya yi gaba da shi, tunda hanya ba ta da tabbas. Alhaji ya yi murmushin da ake yi wa yaro, ya ce goron wakili tare da wakili yake sauka. Mani ya wuce. Dangi suka cika motocin a-kori-kura suka wuce, bayan ya shaida musu cewa babba shi ke isa ƙarshe. Aka bar mutum ɗaya, Kamilu, ɗan goggonsu, bawan Allah mai kunya da ƙarancin magana, wanda al'ada ta ba shi izinin gaya wa Alhaji duk abin da ya zo bakinsa ba tare da an kai shi gaban kowa ba. Ya roƙi kujera a motar, aka ce bakinsa zai ɓata kushin. Don haka ya jingine tsohon baburinsa a gefenta, ya nemi turmi ya zauna, ya ce shi kallon fitar manya kawai ya tsaya yi.

Alhaji ya fito cikin babbar riga mai aiki har ƙasa, sitati yana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Aka yaye tamfol, aka sa goro da alewa a but ɗin bayan motar. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya tada inji, ya sauke birkin hannu, ya sa giya, ya ɗaga wa Kamilu yatsu biyu na ban kwana.

Farar Aniya ta yi nishi, ta ɗan durƙusa, ta tsaya.

Ya ƙara mai. Tayoyin gaba suka yi ta juyawa suna haƙa rami, na baya kuwa ko gezau, kamar an dasa su tun zamanin kakanni. Ya kashe ya tayar. Ya ja birkin hannu ya sauke, ya ja ya sauke, abin yana lilo a hannunsa ba ya cewa komai. Ya fito ya zagaya ta, ya duba ƙasa ko wani ya tokare tayoyin da waigi. Babu. Nan take ya gano matsalar, domin shi ba ya ɓata lokaci wajen gano abu.

"Hassada ce," ya gaya wa maƙwabtan da suka fara leƙowa. "Na san za a yi. Mutum ba zai tashi daga buhu ya kai inda na kai ba a zuba masa ido. An ɗaure ta. Kuma na san waɗanda suka ɗaure ta, suna nan Safana a zaune bisa tabarma suna jiran su ga ban zo ba. To, ni Tayyib, ba a ɗaure ni."

Aka kawo garwashi a kasko, aka zuba habbatus-sauda da ɓawon tafarnuwa, aka tura ƙarƙashin motar. Hayaƙi ya turnuƙe gidan. Matan da suka zo barka ranar nan suka ce to, ga shi har an fara turara mai jego.

Kamilu daga kan turmi ya ce, cikin ladabi, ya taɓa ji a tasha ana cewa in mota ta yi haka a ɗan sa mata ribas, ko a kira bakanike ya ƙwanƙwasa bayan tayar da guduma. Shi kansa bai san ko gaskiya ba ne, ya faɗa ne don ya ga jijiyar wuyan Alhaji ta tashi. Ta kuwa tashi. Ribas, a gaban jama'a, ranar da zai wakilci dangi? Guduma, a jikin Farar Aniya? Ya ce wanda ya kawo guduma gidan nan da ita za a yi masa aski. Matsalar mai tsokana ke nan, ranar da gaskiya ta faɗo daga bakinsa ranar aka fi ƙaryata shi.

Aka koma turi. Majiya ƙarfin unguwa suka dafa bayanta, bayan an sa kowa ya wanke hannu. Alhaji ya taka mai, tayoyin gaba suka kwashi taɓon da wankansa ya tara suka raba wa kowa rabonsa, har da na kai wa gida. Motar ba ta san ana yi ba.

Sai aka tuna da Hashimu, maƙwabci mai shanun huɗa. Alhaji ya auna lamarin. A ja Farar Aniya da shanu abin kunya ne, amma dai gaba za a ja ta, kuma gaba gaba ce. Aka shigo da bijimai biyu, aka ɗaura igiya. Hashimu ya yi musu magana a hankali suka ja, motar ta fara tafiya, tayoyin baya suna jan ƙasa ba sa juyawa. Murna ta kama Alhaji, ya danna ham don duniya ta shaida. Bijiman da ba su taɓa jin irin wannan tsawa a bayan kunnensu ba suka zabura, suka bar ƙofar yamma a gefe, suka yi kwana da mota suka kai hancinta jikin katanga, tsakanin rumbu da bango, suka tsaya suna huci. A bayanta ga kunya biyu miƙaƙƙu an tayar a tsakar gida. Hashimu ya dube su da idon sana'a, ya ce ƙasar da kyau, gyaɗa za ta yi.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Shafi'u ne. Liman ya zauna, dangin amarya sun cika, hadari yana haɗowa daga gabas, waɗanda suka zo daga nesa kuma sun ce ba za su bari yamma ta yi musu a hanyar nan ba. Ba wakili, ba goro, mutane sun fara kallonsa. Alhaji ya ce ya gaya musu yana bisa hanya. Bai yi ƙarya ba, ya yi tafiyar da ta kai tsawon tabarma.

Ya kashe waya ya dubi gabansa, katanga. Ya dubi bayansa, ribas. Ya dubi gefe, sai ga Kamilu yana goge kujerar baburinsa da hula, yana kallon sama kamar ba ruwansa.

An ce in ruwa ya ci mutum ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Alhaji ya ɗauko farin tawul ɗin motar, ya naɗe fuskarsa har sai idanu, ya tattare babbar riga, ya hau bayan baburin, aka ɗora masa huhun goro a cinya, buhun alewa a kafaɗa. Baburin ya yi tari, ya tuna tsohon zamani, ya ɗauka. Alhaji ya ba da umarni a bi ta bayan gari kuma kada a tsaya.

Kamilu yaro ne mai tarbiyya, ba ya iya wuce manya bai gaisar ba. Duk majalisar da suka tarar sai ya rage gudu ya tambayi kwana, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. In an ce wa ya ɗauko, sai ya ce ba kowa, kaya ne. Sai dai tawul yana rufe fuska, ba ya rufe turare, tumbi kuma ba shi da mayafi. A bakin gari wani dattijo da ya halarci jawabin ranar farko ya shaƙi iska, ya dubi bayan baburin, ya cire hula ya ce Allah ya jiƙan Alhaji Tayyib, ashe lokaci ya yi, yaushe ne jana'iza. Gawar ta ƙara ƙanƙame goro.

Suka sha ramuka, suka ratsa ruwa, sitati ya sallama, aikin rigar ya koma kalar hanya. Da suka shigo Safana, tun daga nesa suka hango hannaye sun tashi sama, suka sauka a kan fuskoki. An shafa. Da liman ya gaji da jira ya tambayi ko akwai wani uban ango a wurin, sai Mani ya taso daga bayan sahu, wandonsa da taɓo har gwiwa, ya zauna ya karɓi auren da kalmomin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Babu wanda ya dubi wandon. Uban amarya ya ce goro ya biyo baya, ba shi ne aure ba.

Amma sanƙira bai manta da goro ba, don da shi zai koma gida. Yana hango babur da huhu ya ɗaga muryar nan da Alhaji ya kwana yana mafarki, wadda ke tada tsuntsaye daga kan itace.

"Ga goro ya iso! Jama'a a ba ɗan dako hanya! Allah ya yi wa ɗan dako albarka!"

Aka buɗa masa hanya, aka sauke masa kaya, wani mai tausayi ya zaro goro ɗaya ya danƙa masa a hannu ladan wahala. Sai ga Mani ya ratso jama'a, ya gane idanun ƙanensa, ya ce, "Sannu Tayyibu, ka sha hanya. Allah ya ba da lada." Ba gatse, ba dariya. Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi.

Tawul ya sauka, Safana ta gane baƙonta. 'Yan kasuwar hatsi suka taso ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwa da fuskar jimami, kowa yana tambayar ya mai jego, ya kwanan jariri. Alhaji ya tsaya a tsakiyarsu, taɓo yana bushewa a gemunsa, ya yi jawabi. Ya ce da gangan ya jinkirta don ya bar wa babban wansa girmansa, domin shi mutum ne mai tawali'u, kowa ya sani. Motar kuma ya bar ta a gida ne don kada ya tayar wa talakawa hankali a ranar farin ciki. Aka ce madalla. Aka tambaye shi ko zai ci goron nan na hannunsa ko a karɓa.

Washegari da hantsi ya sa aka rufe ƙofar gabas da ta yamma, ya tura Hajiya Ramlat unguwa, ya tabbatar ba kowa. Katanga dai tana da tsawo, amma Kamilu yana da turmi. Alhaji ya shiga mota, ya dubi bangon da ke gaban hancinta, ya yi istigfari, ya laluba giyar da ya yi wa saki uku, ya sa. Kuma da yake bai san taka mai kaɗan ba, ya taka shi har ƙasa.

Wani abu ya ce ƙwas a ƙarƙashi, kamar an fasa ƙwallon goriba. Tayoyin baya suka saki. Ashe ba mutanen Safana ba ne, ba kuma aljanu ba. Ruwan da ya ɗura wa birkin baya ne, ya matse shi a jiƙe, ya lulluɓe, ya bar shi ya kwana ya wuni, tsatsa ta samu wuri ta ɗaura wa ƙarfe da ƙarfe aure. Shi ne kaɗai auren da Alhaji ya yi wa wakilci a makon nan, kuma ribas ɗin da ya raina ita ta raba shi.

Sai dai ƙafar Alhaji tana nan inda ya ajiye ta. Farar Aniya, wadda ta daɗe tana marmarin ganin abin da ke bayanta, ta kwasa da gudu, ta bi kunyoyin Hashimu, ta yi ƙwallo da rabin duro, ta tarwatsa murhu, ta daki ginshiƙin ƙofar gabas da duk ƙarfinta, sannan ta zauna daɓas cikin kwatamin ruwan wankanta. But ya lotse ya shige ciki kamar bakin tsohuwa. Kaji, waɗanda aka daɗe ana zalunta, suka fito suka hau bonet.

Yanzu tana can ƙarshen gari wajen mai gyaran jikin mota, ana bubbuga ta da gudumar da ba a so, safe da yamma, ana ji har kasuwa. Alhaji kuma ba ya iya wuni bai je dubiya ba. Wajen da nisa, ƙafa ba abin hawan manya ba ce, kuma ɗan acaɓa zai yi surutu. Gara na gida.

Shi ya sa kullum da safe ake ganin tsohon babur a ƙofar yamma. Rannan Kamilu ya zo da ƙullin kanwa da ɗan gero a leda, ya durƙusa har ƙasa, ya ce a ba mai jego a dama mata kunu, an ce yana kawo ruwan nono. Ya kuma ce dangi na Darini da Safana sun aiko shi ya ji, tunda an yi wanka an yi turare, ranka shi daɗe, yaushe ne suna, kuma wa za a yi wa takwara.

Alhaji ya gama naɗa tawul a fuska, ya dube shi ta 'yar kafar da ta rage.

"Kai za a yi wa, ga hayaƙi, ga ƙara, ba birki. Da na san ruwan zafi yana sa abu ya kama ya yi shiru, wallahi da bakinka na wanke, ba mota ba. Tada baburin, kuma ka bi ta bayan kasuwa kada a gan ni."